Sanata ɗaya tilo: da wane ma'auni ake auna aikin wakilin Abuja a Majalisar Dattawa?

Tun daga 2023 mazauna Abuja ke jin musayar kalamai tsakanin Sanata Ireti Kingibe da Ministan Babban Birnin Tarayya, Nyesom Wike. Ita tana kukan cewa ana gudanar da birnin ba tare da an tuntuɓe ta ba, shi kuma ya fito fili a 2024 ya ce ba za ta koma majalisa a 2027 ba. A kasuwar Wuse da Dei-Dei da Zuba, muhawarar takan ƙare ne a kan tambayoyi biyu: me ta tsinana tun da aka zaɓe ta, kuma me wanda ta gada, Philip Aduda, ya tsinana a shekara 12 da ya yi a kan kujerar? Masu amsawa sukan lissafa titi da rijiyar burtsatse da taransifoma. Sai dai kafin a yanke wa ɗayansu hukunci, akwai buƙatar a san abin da doka ta ɗora wa wannan kujera da abin da ta hana ta, domin ba daidai take da kujerar sanatan Kano ta Tsakiya ko Filato ta Arewa ba.

Kujerar da babu irinta

Sashe na 48 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowace jiha sanata uku, ya ba Babban Birnin Tarayya ɗaya. Jihohi 36 sau uku, a ƙara na Abuja, shi ne sanatoci 109. A Majalisar Wakilai mai kujeru 360, Abuja na da biyu: ɗaya na AMAC (ƙaramar hukumar cikin birni) da Bwari, ɗaya na Abaji da Gwagwalada da Kuje da Kwali.

Ƙarancin kujerun ba shi ne babban bambancin ba. Mutumin Kaduna yana da gwamnan da ya zaɓa, yana da majalisar dokokin jiha wadda take yi masa dokar haya da ta haraji da ta kasuwa, take kuma iya kiran kwamishina ta titsiye shi. Mazaunin Abuja ba shi da ko ɗaya. Sashe na 299 ya ce a ɗauki birnin tamkar jiha, amma ikon da majalisar jiha ke da shi ya koma hannun Majalisar Tarayya, ikon gwamna kuma ya koma hannun shugaban ƙasa. Sashe na 302 ya ba shugaban ƙasa damar naɗa minista ya riƙe masa birnin. Ke nan ministan Abuja ba zaɓaɓɓe ba ne, kuma wanda ya naɗa shi ne kaɗai ke iya sauke shi.

Idan aka kwatanta da Bayelsa abin ya fi fitowa fili. A rajistar INEC ta zaɓen 2023, Abuja na da masu zaɓe kimanin miliyan 1.57, Bayelsa kuwa ta ɗan haura miliyan ɗaya ne kawai. Amma Bayelsa na da sanata uku, 'yan Majalisar Wakilai biyar, 'yan majalisar jiha 24 da gwamna. Abuja na da mutum uku a Majalisar Tarayya, sai shugabannin ƙananan hukumomi shida da kansilolinsu. Duk kukan da a wata jiha zai rarrabu a kan mutum talatin, a Abuja kan sanata ɗaya yake sauka.

Inda aka gado tsarin

A watan Fabrairun 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa Babban Birnin Tarayya da doka ta 6, bisa shawarar kwamitin Mai shari'a Akinola Aguda. An yanko ƙasar daga jihohin Neja da Filato da Kwara na wancan lokaci, tsohon garin Abuja kuma ya koma Suleja. Manufar ita ce a samu birnin da babu ƙabila ko jihar da za ta ce nata ne. An shirya kwashe mutanen da ke zaune a wurin, Gbagyi da Koro da Gade da Gwandara da Ganagana da Bassa da sauransu, a sake musu matsuguni a waje, amma kuɗin aikin ya gagara, mafi yawansu suka ci gaba da zama a garuruwansu. A ranar 12 ga Disamba 1991 gwamnatin Janar Babangida ta tare a birnin.

Tsarin mulkin da aka rubuta wa birni na ma'aikatan gwamnati shi ne ake tafiyar da miliyoyin mutane da shi a yau. Sashe na 297 ya mallaka wa gwamnatin tarayya dukkan filayen yankin, shi ya sa takardar mallakar fili daga ofishin minista take fitowa, kuma shi ke da ikon soke ta. Yawancin rigingimun da ake kai wa sanata, na rusau da na diyya da na gonaki, daga wannan sashe suka samo tushe.

Waɗanda suka riƙe kujerar

Bayan dawowar mulkin farar hula, Khairat Abdulrazaq-Gwadabe ce ta fara a 1999, Isa Maina ya karɓa a 2003, sai Adamu Sidi Ali a majalisar 2007 zuwa 2011. Babu wanda ya daɗe kamar Philip Tanimu Aduda na PDP. Ya yi shekara takwas a Majalisar Wakilai yana wakiltar AMAC da Bwari daga 2003, ya hau Majalisar Dattawa a 2011, aka sake zaɓensa a 2015 da 2019. Ya shugabanci kwamitin wutar lantarki a zangonsa na farko, ya zama bulaliyar marasa rinjaye bayan PDP ta faɗi a 2015, sannan a 2022 ya zama shugaban marasa rinjaye lokacin da Enyinnaya Abaribe ya bar PDP.

A zaɓen 25 ga Fabrairu 2023 Ireti Kingibe, injiniya, ta kayar da shi a ƙarƙashin jam'iyyar Labour da ƙuri'u sama da dubu 200, shi kuma ya samu kimanin dubu 100. A ranar ce Peter Obi ya lashe Abuja da tazara mai yawa, don haka da wuya a raba nasararta da guguwar da ta kaɗa a cikin birnin a lokacin. Aduda ya kai ƙara, kotun sauraron ƙararrakin zaɓe da kotun ɗaukaka ƙara suka tabbatar mata da kujerar, kuma a shari'ar zaɓen 'yan majalisa daga kotun ɗaukaka ƙara babu gaba. An ba ta shugabancin kwamitin harkokin mata.

Bambancin mutanen biyu yana da tasiri a kan yadda za a karanta tarihin aikinsu. Aduda ɗan asalin yankin ne, ya yi shekara 20 a majalisa, kuma zangonsa na farko a Majalisar Dattawa ya zo daidai da lokacin da jam'iyyarsa ke mulki. Kingibe sabuwar shiga ce, daga ƙaramar jam'iyyar adawa, a majalisar da ake raba kwamitoci da damar yin magana bisa daɗewa da kuma kusanci da shugabanni.

Ƙudiri daban, doka daban

A nan ne aka fi rikita mutane. Magoya bayan kowane sanata kan yaɗa hoto a Facebook da WhatsApp ɗauke da jerin "dokokin" da gwaninsu ya kawo, alhali mafi yawansu ƙudirori ne da ba su je ko'ina ba.

Ƙudirin doka sai ya bi matakai. A karatu na farko sunansa kawai ake karantawa, babu muhawara. A karatu na biyu ake tafka mahawara a kan manufarsa, idan ya tsallake a miƙa wa kwamiti ya saurari ra'ayin jama'a ya kawo rahoto, sannan a yi karatu na uku. Daga nan sai ɗaya majalisar ta amince da shi, a daidaita saɓanin da ke tsakani idan akwai, a aika wa shugaban ƙasa. Sashe na 58 ya ba shi kwana 30 ya rattaba hannu ko ya ƙi. Idan ya ƙi, kashi biyu cikin uku na kowace majalisa na iya tabbatar da dokar ba tare da shi ba, abin da ba kasafai ake gani ba. Ƙudirin da bai kammala wannan tafiya ba kafin wa'adin majalisa na shekara huɗu ya cika ya mutu, sai a sake daga farko.

Misalin da ya shafi kusan kowane magidanci a Abuja shi ne ƙudirin da Sanata Smart Adeyemi ya kawo a 2022, wanda ke neman hana masu gidaje karɓar kuɗin hayar shekara a dunƙule, a koma biyan wata-wata. Ya tsallake karatu na biyu, aka yi ta murna, majalisa ta tara ta ƙare a 2023 bai zama doka ba. Abin lura kuma shi ne mai ƙudirin sanatan Kogi ta Yamma ne. Kowane ɗaya daga cikin 109 na da ikon kawo dokar da za ta hau kan mazauna Abuja, duk da cewa mutum ɗaya ne kawai a cikinsu zai dawo neman ƙuri'arsu.

Ko doka ta samu sa hannu, ba a gama ba. Dokar kafa hukumar kula da ma'aikatan Babban Birnin Tarayya ta 2018 ce, lokacin Aduda na majalisa. Ta zauna a ajiye har watan Oktoban 2023, lokacin da Shugaba Tinubu ya amince a aiwatar da ita bisa buƙatar Wike, sannan ma'aikatan birnin suka samu damar kai wa matsayin babban sakatare. Majalisar da ta yi dokar da ministan da ya farfaɗo da ita kowanne na da rabo a ciki, kuma shekara biyar ɗin da ta yi a ajiye su ma suna cikin tarihin aikin waɗanda ke da alhakin bibiya.

Akwai kuma ƙudirin jan hankali, wanda sanata kan tashi da shi a zaure idan wani abu ya faru. Sakamakonsa matsaya ce ta majalisa: a yi kira, a yi Allah wadai, a kafa kwamitin bincike. Ba doka ba ce, kuma ɓangaren zartarwa na iya kawar da kai. A watan Disamban 2024 Kingibe ta kawo irin wannan a kan rusau a Abuja, majalisa ta nemi a dakata, ta kafa kwamiti ƙarƙashin mataimakin shugabanta, Barau Jibrin. Ministan ya bayyana cewa ba zai fasa rushe gine-ginen da yake ganin sun saɓa doka ba. Wanda ke auna ta zai iya cewa ta kai kukan inda ya dace, wani kuma ya ce kukan bai tsayar da katafila ba, kuma duka biyun gaskiya ne.

Wani gibi da ke wahalar da mai son tantancewa shi ne yadda ake kaɗa ƙuri'a. Galibi da murya ake yi, masu cewa e da masu cewa a'a, shugaba ya buga guduma. Ba a rubuta wanda ya goyi baya da wanda ya ƙi sai a lokuta ƙalilan, kamar gyaran tsarin mulki ko idan wani ya nemi a ƙirga. Don haka a mafi yawan dokoki babu takardar da za ta nuna inda sanatan Abuja ya tsaya.

Kasafin kuɗi da kwamitin Abuja

Babban Birnin Tarayya na da kasafinsa na musamman, wanda shugaban ƙasa ke aika wa Majalisar Tarayya ban da na ƙasa baki ɗaya. Na 2024 ya haura naira tiriliyan ɗaya. A cikinsa ake yanke ko kuɗi zai tafi gadojin tsakiyar birni ko hanyar ƙauyen Kwali, ko asibitin Nyanya zai samu gyara.

Aikin tace wannan kasafi na kwamitocin Abuja ne a majalisun biyu, kuma ba a ware shugabancinsu ga wakilan yankin ba. A majalisa ta takwas Dino Melaye na Kogi ya riƙe na Majalisar Dattawa. A ta goma, Ibrahim Bomai na Yobe ta Kudu aka ba, a Majalisar Wakilai kuma Muktar Betara na Borno. A gaban waɗannan ne minista ke zuwa kare kasafinsa. Sashe na 88 da na 89 sun ba majalisa ikon bincike da gayyatar kowane jami'i, amma ikon na majalisa ne da kwamitocinta, ba na sanata shi kaɗai ba. Wasiƙar da sanatan Abuja zai rubuta wa minista da sunansa ba ta da ƙarfin sammaci. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, shi ya sa gwanintar jawo abokan aiki daga wasu jihohi ta fi yawan ƙudirori muhimmanci a wannan kujera.

Ayyukan mazaɓu

Rijiya da fitilun sola da kekunan ɗinki da ake rubuta wa sunan sanata suna fitowa ne daga kason ayyukan mazaɓu, wanda aka daɗe ana ware masa naira biliyan 100 a shekara domin 'yan majalisa 469. Ɗan majalisa ke zaɓar aikin da wurin, ma'aikata ko hukumar gwamnati ke ba da kwangila, aƙalla a takarda. Tun 2019 hukumar ICPC ke bin sawun waɗannan ayyuka a faɗin ƙasa, kuma ta sha gano waɗanda aka yi watsi da su ko aka karkatar. Idan aka ajiye rabon sanata ɗaya kusa da kasafin da ke hannun minista, tazarar ta fi ƙarfin kwatance. Auna sanata da yawan titunan da aka shimfiɗa auna shi ne da aikin wani.

Wannan bai sa tambayar kuɗi ta zama ba ta da tushe ba. A 2018 Shehu Sani ya bayyana cewa kowane sanata na karɓar naira miliyan 13.5 a wata na gudanar da ofis, a 2024 kuma Kawu Sumaila ya shaida wa BBC Hausa cewa nasa ya kai miliyan 21. Mai zaɓe na da haƙƙin tambayar ko akwai ofishin mazaɓa a buɗe, ko mutumin Abaji na iya kai kokensa ba tare da ya san wani ba.

Abin da kowane ɓangare ke cewa

Masu goyon bayan Kingibe na cewa ita ce mafi girman zaɓaɓɓen wakili a yankin da babu gwamna, don haka ko doka ba ta tilasta ba, hankali ya ce a zauna da ita a kan tsaro da kasafi da rusau. Sukan kawo misalin farkon 2024, lokacin da garkuwa da mutane ta addabi Bwari, ta fito ta ce ministan ba ya amsa saƙonninta. A ganinsu, sanatan da ke faɗa wa minista gaskiya ya fi amfani a birnin da babu majalisar da za ta taka masa birki.

Ɓangaren ministan na cewa shugaban ƙasa ne ya ba shi amana, gare shi da kwamitocin majalisa yake ba da bahasi, kuma babu sashen da ya sa sanata a cikin gudanar da mulkin yau da kullum. Ta fuskar doka wannan magana na da ƙarfi. Sukan nuna tituna da gadojin da aka kammala tun 2023 a matsayin hujja. Magoya bayan Aduda, wanda kusancinsa da Wike ba ɓoyayye ba ne, sukan ƙara da cewa zaman lafiya da minista ne ke kawo wa mazaɓa aiki. Masu sukarsa kuma sukan amsa da cewa bayan shekara 20 a majalisa, matsalar fili da diyya da wakilci na nan inda ya same ta.

Ƙungiyoyin 'yan asalin Abuja na kallon lamarin ta wata fuska: matsalar ba ta wanda ke kan kujera ba ce, ta tsarin ce. Wasunsu na neman magajin gari zaɓaɓɓe, wasu na neman cikakkiyar jiha da ƙarin kujeru. An kai batun magajin gari cikin gyaran tsarin mulki na 2022, bai samu shiga ba. Sashe na 9 na buƙatar kashi biyu cikin uku na kowace majalisa da amincewar majalisun jihohi 24, kuma ba kowace jiha ke son ganin birnin da aka gina da dukiyar kowa ya koma hannun wasu ba. Abin da suka samu ta wata hanya ya zo: a 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta ce 'yan asalin yankin na da haƙƙin kujerar minista, a 2023 aka naɗa Zephaniah Jisalo, na farko daga cikinsu.

Inda abin ke taɓa mai neman na abinci

Matakan da suka fi girgiza Hausawa mazauna Abuja ba daga zauren majalisa suka fito ba. Hana acaba a tsakiyar birni a 2006, zamanin Nasir El-Rufai, umarnin hukumar birnin ne. Haka kamen mabarata a ƙarshen 2024, da hana 'yan gwangwan yawo da rufe kasuwannin panteka na wani lokaci a farkon 2025, da soke takardun filaye sama da 4,000 a shekarar saboda bashin harajin ƙasa. Lokacin da malaman firamare suka shafe sama da wata uku suna yajin aiki a 2025 a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, ƙananan hukumomi ne ke da alhakin biya, kuma sai da minista ya shiga tsakani aka koma aji. A duk waɗannan, abin da sanata ke da shi shi ne murya a zaure, koke a gaban kwamiti, da damar neman a gyara dokar da aka jingina matakin a kanta. Na ukun ne ya fi dawwama, shi ne kuma wanda aka fi sakaci da tambayarsa a lokacin kamfe.

Wanda bai gamsu da sanatansa ba yana da hanyar kiranye a sashe na 69, amma sharaɗin na da nauyi: sa hannun fiye da rabin masu rajista a mazaɓar, INEC ta tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. A Abuja wannan na nufin sa hannun mutum sama da 785,000, kusan ninki huɗu na ƙuri'un da suka kai Kingibe majalisa. An gwada a kan Dino Melaye a 2018 da Natasha Akpoti-Uduaghan a 2025, duka bai kai ga nasara ba.

Akwai kuma dubban mutanen da ke wuni a Abuja amma ba su da ta cewa a zaɓen sanatanta. Mai shago a Utako da ke kwana a Mararaba ko Masaka, idan a can ya yi rajista, sanatan Nasarawa ta Yamma yake zaɓa. Direban da ke fitowa daga Madalla ko Suleja na Neja ta Gabas ne. Wani ma katinsa na Katsina ko Zamfara, can yake komawa duk lokacin zaɓe. Dokar zaɓe ta ba mai rajista damar sauya wurin kaɗa ƙuri'a zuwa inda yake zaune ko yake aiki, muddin ya nema a lokacin da INEC ta buɗe rajista, kafin a rufe ta gabanin babban zaɓe.